Idan Aka Kwafi Mutum a Ɗakin Gwaji, Shin Zai Zo da Ruhi?

Da a ce gobe masana kimiyya za su ciro 'yar ƙwaya ɗaya daga fatar wani mutum, su sarrafa ta a ɗakin gwaji, su dasa ta a mahaifar wata mata, bayan wata tara a haifi jaririn da ya ɗebo kamanninsa kamar an tsaga kara, shin wannan jaririn yana da ruhi? In yana da shi, daga ina ya samo? Na mai fatar aka raba gida biyu, ko sabo aka busa masa, ko kuwa gangar jiki ce kawai take yawo ba kowa a ciki?

Tambayar ta haura shekara ashirin da biyar tana yawo a duniya, amma mu ta wata ƙofa dabam ta shigo mana. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi sama da wata uku yana jinya a Landan. Bayan dawowarsa jita-jita ta tashi wai ya rasu, an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, wasu kuma suka ce a'a, kwafarsa aka yi. Magana ta yi tsami har sai da shi da kansa ya tanka a Disambar 2018, lokacin da yake ganawa da 'yan Najeriya a ƙasar Polan, ya ce shi ne dai ba wani ba. Na sha jin wannan gardama a teburin mai shayi, kuma masu gaskatawa da masu ƙaryatawa duk hoto ɗaya ne a kansu: a tura dattijo cikin wata na'ura, wani dattijon ya fito ta ɗaya gefen da furfurarsa da muryarsa da duk abin da ya sani. Wannan hoton a fim kaɗai yake, kuma sai an kawar da shi maganar ruhi za ta zauna.

Mene ne kwafin halitta?

Manomin rogo ya daɗe yana yin sa. Sandar rogo yake sarawa gunduwa-gunduwa ya binne, kowace gunduwa ta tsiro ta zama irin uwarta sak. Haka mai rake yake yi. Duk tsiron da ya fito ta wannan hanya, ƙwayoyin gadonsa ɗaya ne da na wanda aka yanko shi. Abin da ya daɗe yana gagarar masana shi ne yin haka ga dabba mai shayarwa.

Jikin mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai zarurrukan gado guda 46 masu ɗauke da DNA, wato tsarin da ake gina jiki a kansa, tun daga launin fata har rukunin jini. A haihuwar da muka sani, 23 daga maniyyin uba suke zuwa, 23 daga ƙwan uwa. A kwafi kuwa, ƙwan mace ake samu a zuƙe cibiyarsa a yar, a ɗauko cibiyar ƙwayar jikin wanda ake son kwafa mai ɗauke da 46 ɗinta cif a saka a gurbin, a ɗan taɓa shi da lantarki don ya soma rarrabuwa kamar an yi masa baye, sannan a dasa a mahaifa.

Haka aka samu tunkiyar nan Dolly, wadda aka haifa ranar 5 ga Yulin 1996 a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbura a Sikotilan, ƙarƙashin jagorancin Ian Wilmut da Keith Campbell. Tumaki uku aka haɗa. An ciro ƙwaya daga hantsar wata farar tunkiya 'yar shekara shida, an karɓi ƙwai daga wata mai baƙar fuska, wata mai baƙar fuskar kuma ta ɗauki cikin. Dolly ta fito da farar fuska, irin ta mai hantsar. Ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka zama 'yan tayi, ɗaya tal ya kai ga haihuwa. Ta rayu kamar kowace tunkiya, ta haifi 'ya'ya shida, aka kashe ta a Fabrairun 2003 saboda ciwon huhu. Bayanta an kwafi shanu da dawakai da karnuka, har raƙuma: a 2009 aka haifi wata taguwa mai suna Injaz a Dubai ta wannan hanya.

Kowane ɗaya daga cikinsu jariri aka haife shi. Da an kwafi Buhari a 2017, da a lokacin da ake ta gardamar nan kwafin nasa yana rarrafe.

An taɓa kwafar mutum?

Babu wani jaririn kwafi da aka tabbatar an haifa. A Disambar 2002 wani kamfani mai suna Clonaid, na wata ƙungiyar asiri da ke cewa halittun sararin samaniya ne suka ƙagi ɗan Adam, ya yi shelar haihuwar wata jaririya, amma bai taɓa nuna ta ba balle a gwada jininta. A 2004 da 2005 Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya ce ya samar da 'yan tayin mutum ta kwafi, daga baya aka gano ƙirƙirar sakamakon ya yi. A 2013 masana a jihar Oregon ta Amurka sun yi nasarar samar da irin waɗannan 'yan tayi na kwanaki kaɗan don ciro ƙwayoyin bincike, ba su dasa su a mahaifa ba. Mafi kusa da aka je shi ne birai biyu da aka haifa a Shanghai ta ƙasar Sin, aka sanar a Janairun 2018.

Kwafin da muke zaune da su a gida

A layinmu akwai tagwaye masu kama ɗaya da muka taso tare. Malamin makarantar allo ya sha zane Husaini kan laifin Hassan. Yau Hassan tela ne, sai ya wuni a kan keke bai ce uffan ba. Husaini direban motar haya ne, daga bakin layi kana jiyo muryarsa. Mahaifiyarsu ko da ta ba su baya tana gane wanda ya shigo daga takunsa. Ba a taɓa samun wanda ya ce rai ɗaya suke raba ba, kuma ran da Husaini ya kwanta asibiti bayan haɗari, Hassan da ƙafarsa yake kai masa abinci.

Irin waɗannan tagwaye daga ƙwai ɗaya suke fitowa, wanda ya tsage biyu cikin sati biyun farko na shigar ciki. A kowace haihuwa dubu ana samun uku zuwa huɗu irinsu. Ta fuskar ƙwayoyin gado, kowannensu kwafin ɗan'uwansa ne, har ma sun fi kwafin ɗakin gwaji kusanci da juna: mahaifa ɗaya suka kwanta, zamani ɗaya suka taso, alhali shi na ɗakin gwaji yana ɗauke da ɗan guntun DNA na matar da ta ba da ƙwai, sannan ya zo duniya shekaru talatin ko hamsin bayan asalinsa. Duk da haka zanen yatsun tagwaye ba ya zama ɗaya. Kyanwar farko da aka kwafa a Texas a ƙarshen 2001 ma ba ta ɗauko launin gashin wadda aka kwafo ta ba.

Don haka mutumin da za a kwafa ƙane zai samu, tagwai da ya makara. Haddar Alƙur'anin da ke kansa, da yaren da yake ji, da bashin da ake binsa, babu ɗaya da ke cikin DNA.

Rai, ruhi da kurwa

Wani ɓangare na rikicin daga bakinmu yake. Bahaushe yana cewa rai ya yi halinsa, ya ce raina ya ɓaci, ya ce akuyar nan da sauran rai a yanka ta. Kalma ɗaya ta ɗauki numfashi, da zuciya, da abin da Mala'ikan mutuwa yake karɓa. Sannan ga kurwa, wadda a tsohuwar al'ada ake cewa maye yana kamawa mutum ya dinga ramewa yana raye. Ruhi kuwa daga Larabci ya zo mana tare da Musulunci.

Malamai sun bambanta rayuwa iri biyu. Akwai rayuwar tsiro, wadda abu yake ci yana girma, kamar yadda shuka take yi. Ibnul Ƙayyim ya ce wannan ce ɗan tayi yake da ita kafin a busa masa ruhi. Likitancin yau ya nuna zuciyar ɗan tayi tana soma bugawa wajen kwana 22 da haɗuwar maniyyi da ƙwai, tun kafin kowane lokacin da hadisai suka ambata. Ƙwan mace rayayye ne, maniyyi rayayye ne, ƙwayar fata ma haka, amma ba wanda ya ce kowannensu mutum ne mai hisabi. Ruhin da ake tambaya a kai shi ne wanda yake mayar da wannan tsoka ta zama wani, mai suna, mai lada da zunubi.

Daga ina ruhi yake zuwa?

An yi wa Annabi (SAW) wannan tambaya, amsar kuma tana Suratul Isra'i aya ta 85: ruhi daga al'amarin Ubangijina yake, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Wato haƙiƙaninsa a rufe yake. Amma an buɗe mana lokacin shigarsa da wanda yake kawo shi. Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa ta 14, ta jero matakan halitta daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini, zuwa tsoka, zuwa ƙashi da aka tufatar da nama, sannan ta ce aka tayar da shi wata halitta dabam. Masu tafsiri da yawa sun ce wannan ita ce busa ruhi.

Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya haddace hadisi na huɗu a Arba'una, na Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: kwana arba'in yana ɗigo, kwatankwacin haka yana gudan jini, kwatankwacin haka yana tsoka, sannan a aiko Mala'ika ya busa masa ruhi, a umarce shi ya rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa, da ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Daga nan mafi yawan malamai suka ɗauki kwana 120. Akwai kuma ruwayar Huzaifa ɗan Asid a Muslim da ta ambaci zuwan Mala'ika bayan dare 42, shi ya sa wasu malaman, musamman na wannan zamani, suka karkata ga cewa abin yana faruwa bayan arba'in ɗin farko.

Ko wanne aka ɗauka, a kula da abu guda: ruhin daga waje yake zuwa, bayan jiki ya soma ginuwa. Ba ya cikin maniyyin uba, ba ya cikin ƙwan uwa, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon hanci. Wannan ma ya warware maganar tagwaye ba tare da wahala ba, domin ƙwai yana tsagewa ne kafin kwana 14, Mala'ika kuwa sai bayan arba'in, ya tarar da jiki biyu. Kuma Alƙur'ani ya nuna samuwar ruhi ba ta rataya ga haɗuwar namiji da mace ba: Annabi Adamu ba uwa ba uba, Annabi Isa ba uba, Suratu Ali Imran aya ta 59 ta haɗa su a misali ɗaya. Waɗannan mu'ujizozi ne, ba a kwatanta su da aikin ɗakin gwaji. Abin da suke nunawa kawai shi ne hanyar da jiki ya bi ya samu ba ita ke samar da ruhi ba.

Inda magabata suka yi saɓani shi ne, an halicci rayuka tun tuni suna jiran jikinsu, ko kowane ruhi sai lokacinsa ya yi ake halittarsa? Ibnu Hazm na Andalus ya tsaya kan na farko, yana kafa hujja da aya ta 172 a Suratul A'araf, inda aka fitar da zuriyar Adamu aka tambaye su "Ashe ba Ni ne Ubangijinku ba?", da hadisin da ya ce rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba. Ibnul Ƙayyim ya rinjayar da na biyu. A kan ɗan kwafi dai duk ɗaya ne: ko an ajiye masa tun azal, ko an halitta masa ran nan, nasa ne shi kaɗai.

Kiristoci da sauran addinai

Kiristanci ya yi wannan muhawara tun ƙarnonin farko, kuma abin sha'awa manyan masu yin ta 'yan Afirka ne. Tertullian na Kartej, a Tunisiya ta yau, ya ce ruhi daga iyaye yake gangarowa tare da jiki. Origen na Iskandariya ya ce rayuka sun riga jikkuna samuwa, ra'ayin da coci ta yi watsi da shi a ƙarni na shida. Augustine, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya mutu bai yanke hukunci ba, har wasiƙa ya rubuta wa Jerome, wani babban malamin Kirista na zamaninsa, yana neman haske. Ra'ayin da ya yi rinjaye, wanda Cocin Katolika take kai a yau, shi ne Allah ne yake halittar kowane ruhi kai tsaye, iyaye ba sa haifar sa. A 1997, bayan labarin Dolly, cibiyar Fadar Vatican mai kula da al'amuran rayuwa ta ce ruhi ba ya kwafuwa, ta kuma yi tir da kwafar mutum.

Masu bin ra'ayin Tertullian su ne ɗan kwafi zai ɗan ɗaure wa kai, tunda ba uba ba uwa a ma'anar da suka sani. Masu cewa ruhi yana shiga tun daƙiƙar da maniyyi ya haɗu da ƙwai kuwa, tagwaye ne ke ba su aiki: in ruhi ɗaya ya shiga ran farko, na biyun yaushe ya zo? Mabiya Hindu suna ganin ruhi yana ƙaura daga jiki zuwa jiki, don haka sabon jiki sabon masauki ne ga wani ruhin. Mabiya Buddha ma ba su yarda akwai wani tabbataccen ruhi da ba ya canzawa ba.

Kimiyya fa?

Ba ta da ma'aunin da za ta auna shi. A 1907 wani likita a Amurka, Duncan MacDougall, ya ɗora majinyata shida masu gargarar mutuwa a kan sikeli, ya ce ɗayansu ya ragu da kusan giram 21 lokacin da ya cika. Har yau ana yaɗa wannan a Facebook a matsayin nauyin ruhi, alhali sakamakon sauran biyar ɗin bai zo ɗaya ba, kuma masana ba su taɓa karɓar gwajin ba. Abin da kimiyya za ta iya faɗa shi ne ɗan kwafi zai zo da ƙwaƙwalwarsa, ya ji zafi, ya koyi magana, ya yi tunaninsa. Wanda bai yarda da ruhi ba ma, a wurinsa wannan cikakken mutum ne.

Masu cewa masana sun yi gasa da Allah wajen halitta su ma su sassauta. Da rayayyen ƙwai aka fara, da rayayyar ƙwaya, da mahaifar da ba su suka ƙera ba. Ayar ƙuda ta Suratul Hajji, wadda ta ce waɗanda ake kira ban da Allah ba za su iya halittar ko ƙuda ba, tana nan daram.

Haramcin hanya da matsayin wanda aka haifa

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a tsakiyar 1997, ta haramta kwafar mutum ta kowace hanya, ta halatta shi a tsirrai da dabbobi bisa sharuɗɗan shari'a. A Maris ɗin 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar kira ga ƙasashe su hana, da ƙuri'a 84, 34 suka ƙi, 37 suka ƙaurace, amma sanarwar ba ta da ƙarfin tilastawa. A Najeriya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta shi.

A nan ne mutane suke zamewa. Da sun ji haram ne, sai su ɗauka abin da ya fito daga ciki ba mutum ba ne. Amma yaron da aka haifa gaba da Fatiha, akwai malamin da ya ce ba shi da ruhi? Ana masa suna, ana masa sallah in ya mutu, wanda ya kashe shi ya kashe rai, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Lokacin da aka haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, jaririyar farko da aka haɗa cikinta a kwalba, an yi irin wannan tambayar a kanta. Yau miliyoyi aka haifa ta wannan hanya, wasunsu a asibitocin ƙasar nan, ba mai iya ware su a sahun sallah.

A ganina, cewa ɗan kwafi ba shi da ruhi ita ce magana mafi haɗari a duk wannan babi. Wanda aka ce ba shi da ruhi ba shi da haƙƙi, sai attajiri ya sa a rainar masa kwafinsa kamar ragon layya don ranar da ƙodarsa za ta gaza. Ga kuma ruɗin da ke ɗaya gefen, na iyayen da suka rasa ɗa suke fatan a dawo musu da shi. Mun san wannan raɗaɗin a camfin ɗan wabi, wanda ake cewa shi ne dai yake mutuwa yana dawowa, abin da malamai suka daɗe da rushewa. Kamfanoni a Amurka suna karɓar wajen dala dubu hamsin su kwafa wa mutum karensa da ya mutu, kuma abin da yake samu wani kare ne mai kama da nasa. In yaro ne, zai tashi ana kiransa da sunan mamaci, ana auna shi da wanda bai taɓa gani ba.

Inda gizo yake saƙar: ɗan wane ne?

Abin da ya fi tsorata malaman fiƙihu shi ne nasaba, domin a kanta aure da gado da waliccin aure suke tsaye. Ɗan kwafi yana iya tashi da mata uku a kansa: mai ƙwai, mai ciki, da mahaifiyar wanda aka kwafa, wadda ita ce uwarsa ta fuskar ƙwayoyin gado ko da ta rasu shekara arba'in kafin a haife shi. In mace aka kwafa, babu namiji ko ɗaya a lissafin, to wa zai ba da aurenta?

A ɗauki misalin Alhajin da ya rasu ya bar naira miliyan 24, da mata ɗaya, da 'ya mace ɗaya, da ƙanne maza biyu shaƙiƙai, da kuma yaron da aka kwafo daga jikinsa. Matar tana da tumuni, miliyan 3, ko ta wane hali. In aka ce yaron ɗansa ne, ya shamakance ƙannen ba su da ko sisi, ya ɗauki miliyan 14, 'yar ta ɗauki 7. In aka ce ɗan'uwansa ne, tunda tagwai ne a jini, 'yar ta tashi da rabi, miliyan 12, ragowar 9 a raba uku, shi da ƙannen kowa ya samu 3. In kuma alƙali ya ce ba ta hanyar aure aka same shi ba, don haka ba shi da nasaba da mamacin, to ba shi da komai a wannan dukiya, sai dai ya jira gadon uwa, bayan an gama tantance wacce ce a cikin ukun.